Gwadon da Na Kai wa Kawu Tanko

Tun da na dawo daga ƙasar Faransa ba a bar ni na yi saƙar kirki ba. Da na zauna a gindin tsamiya na ɗauki ƙoshiya, sai wani ya zo ya tsuguna ya ce wai da gaske ne mutanen can a kan ruwa suke kwana, wani ya ce wai kifinsu ya kai jaki girma. Na ba da labarin nan har bakina ya yi tsami, kuma duk wanda ya ɗauka ya kai gaba sai ya ƙara masa gishiri. Shekaranjiya a kasuwar Kusada na ji wani yana rantsuwa cewa wani ƙaton kada ne ya biyo ni har kan tudu. To, tun da Allah ya sa na shiga ajin yaƙi da jahilci na iya haɗa baƙi, bari in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma in koma kan zarena.

Ni ba matafiyi ba ne. Sunana Isuhu, masaƙi ne ni a Mawashi kamar ubana, kuma kafin wannan tafiya iyakata Kankiya. Abin da ya fitar da ni magana ce tsakanin Inna, mahaifiyata, da ƙanenta Kawu Tanko, maganar da ta shekara ashirin da biyu ba a taɓa ta ba. A shekarar yunwar nan da tsofaffi ba sa son tunawa, Kawu ya ɗauki matarsa ya nufi arewa, bakin tafkin Madarumfa, inda aka ce ana samun abin sawa a baki. Ya bar tsohuwarsu a hannun Inna, da alkawarin zai komo da hatsi cikin wata guda. Bai komo ba sai bayan wata huɗu, jakinsa ɗauke da gero da busasshen kifi, ya tarar an yi kwana tara da binne tsohuwa. Inna ta fito ƙofar gida, a gaban jama'a, ta ce masa ita ba ta da ƙane. Kawu ya sauke kayan a bakin zaure, ya juya jakinsa. Mun ci geron, don yunwa ba ta san fushi ba, amma ba a sake ambaton sunansa a gidanmu ba.

Bana da sanyi Inna ta kwanta ciwo, da ƙyar ta tashi. Da ta samu sauƙi sai ta ɗauko mazari ta shiga kaɗi, ita da ta daɗe da dainawa saboda ido. Zaren ya fito wani wuri kauri wani wuri siriri, na ce mata wannan ko ɗan koyo ba zai karɓa ba. Ta ce in saƙa shi haka nan, gwado take so, na namiji. Sai da na gama na ninke na ajiye a gabanta, sannan ta faɗi na wane ne.

"Auta, ka kai ma Tanko. Ka ce mashi ni ce, Yayarshi. Ka ce na hwaɗi abin da bai kamata ba, shi yahe mani tun ina da rai. In shina iyawa, shi taho kahin ruwa shi sauka."

Na fita da sassafe, a kwanakin da sanyi ya janye zafi bai kankama ba, rimi ya fara fashewa yana watsa audugarsa a hanya. Da ƙafa na isa Kankiya, na zauna a bakin titi ina jiran motar Katsina. Nan na haɗu da Goggo Delu, wata tsohuwa 'yar Sukuntuni mai fataucin daddawa, wadda ta san hanyar arewa kamar tsakar gidanta. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ga yadda na rungume ƙunshina kamar za a ƙwace, ta ce ba sai na faɗa ba, yau ce fitata ta farko. Ta ce in bi ta, ita ma ta Jibiya za ta ƙetare. Na ji haushin yadda ta raina ni, amma na bi ta, kuma da ban bi ta ba da yanzu wani labarin ake yi.

Motar ta zo da buhunan gishiri, muka hau can ƙololuwa. Ni da nake jin kaina namiji, tana tashi sai na tarar na riƙe kwandon daddawar Goggo da hannu biyu ina salati. Kafin Caranci iska ta ɗauke mini hula, wadda nake zuwa Juma'a da ita. Na yi ta bugun jikin mota ina cewa a tsaya, mutane suna ta dariya, wani dattijo ya ce in yi haƙuri, na yi wa wani makiyayi sadaka. Haka na shiga birnin Katsina kai ba hula, jikina yana warin daddawa.

Na kwana a zauren wani masaƙi da Goggo ta sani. Bai tambaye ni ko ni wane ne ba, kantar hannuna kawai ya gani ya ce ai ɗan gida ne. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, ya ba ni tsohuwar hularsa wadda ta yi mini yawa har tana rufe kunne. Ya warware gwadon Inna, ya shafa wuraren da zare ya yi kauri, ya ce wannan ba na sayarwa ba ne. Na ce ƙwarai kuwa. Bai ƙara tambayata komai ba, kuma na ji daɗin haka.

Daga Katsina muka bi ayarin masu jakuna zuwa Jibiya, muka kwana, da hantsi muka ƙetare yashin gulbi muka doshi iyaka. Ni duk zatona zan ga ganuwa da ƙofa, tun da an ce nan ƙasar Ingilishi ta ƙare ta Faransa ta fara. Sai ga wani ƙarfe a kafe a tsakiyar gona, karan dawa a wannan gefe, karan dawa a wancan gefe, da wata bukka a gindin gawo. Kafin mu kai bukkar Goggo ta tsayar da ni. Ta ce 'yan duwan, wato kwastan na can, in suka ga sabon tufa a ƙunshe, kayan fatauci ne, sai su riƙe. Wanda yake jikin mutum kuwa ba ruwansu da shi. Ta sa na yafa gwadon, ta duƙa ta ɗebi ƙasa ta goga masa a gefe. Na ji kamar a fuskata ta goga, amma ba halin magana.

Rana tana tsaka, kowa ya tuɓe riga ya rataya, ni kaɗai na iso a lulluɓe ina zufa kamar tulu. Mai tsaron ya fito da jar hula, na shirya jin yaren Faransa, sai ya yi mini sallama da Hausar da ta fi tawa. Ya tambaye ni ko masassara nake yi. Kafin in buɗe baki Goggo ta ce masa ai mutanen Kusada haka suke, ba sa yarda sanyi ya wuce sai hakimi ya sa an yi shela. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya kama gefen gwadon ya murza, ya ce kaɗin tsohuwa ne wannan, tasa ma haka zarenta ya koma, mu wuce. A mararraba Goggo ta nuna mini 'yar hanyar tafki, ta danƙa mini curin daddawa uku, ta ce in daina rungume kaya kamar ɓarawo. Ita ta miƙe Maraɗi, ban sake ganinta ba har yau, Allah ya saka mata da alheri.

Da la'asar na hango ruwan. Mu da muke jan guga gaba goma sha biyar kafin mu shayar da akuya, ga ruwa a kwance a fili, jifa ba ya ƙetare shi, har jakuna ake wankewa da shi. Na tsaya na daɗe ina kallo, kuma ba zan ɓoye ba, hassada na ji. Na tambayi mutumin farko da na gani gidan Tanko mutumin Kusada. Ya dube ni, ya dubi ƙunshina, ya shiga gaisuwa: ina gajiya, ina mutanen gida, ina hanya, ina rana. Da ya ƙare ya ce in biyo shi. Maimakon gidan Kawu sai ya kai ni zauren mai unguwa, wani dattijo gajere mai faɗin baki da ake kira Barmo.

Na faɗi ko ni wane ne da abin da ke tafe da ni. Mai unguwa ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo fura.

"Sha ruwa tukuna, ɗana. Maganar gidan Tanko ga Nomau take, amininshi na. Ya tahi cin kasuwa ƙetare, gobe da la'asar shina nan. Kai dai ka iso lokaci mai kyau, ka ji abin da anka yi nan shekaranjiya?"

Ban ji ba mana. Sai ya kwance mini bakin jakar labari. Wai bijimin wani Ɗanladi ya bi ɗanyar ciyawa ya kafe a taɓo har wuya, unguwa duka ta fito da igiyoyi, aka yi rabin yini ana ja, da ya fito kuma mutumin da ya fi kowa wahala a kansa shi ya fara tunkuya. Wai agwagin ruwa sun fara tashi suna komawa inda suka fito, bana sun yi sauri da kwana goma, tsofaffi sun ce alamar damina za ta faɗi da wuri. Matar liman ta haifi tagwaye. Awakin wata gwauruwa sun shiga lambun taba sun ci, suka fito suna tangaɗi, aka rasa wa za a ba haƙuri, mai taba ko mai awaki. An sassaƙa sabon kwalekwale amma yana yoyo, masassaƙin ya ce laifin ruwa ne. Babban labari kuwa shi ne Sarkin Ruwa bai buɗe su ba tukuna, wato kamun kifin da ake yi na taron jama'a. Ya ce sai ruwa ya ja baya ya bar saiwar wani gawo da ke bakin mashaya, kuma kullum da safe sai mutane sun je sun leƙa saiwar nan kamar ana duba mai naƙuda.

Duk sanda na ce, "To, Kawu fa?" sai ya ce af, ya manta bai gaya mini yadda aka yi da rijiyar masallaci ba.

Ana cikin haka wata mata ta shigo da akushi, ba za ta wuce shekara ashirin ba, da goyo a bayanta. Ta durƙusa ta ajiye. Mai unguwa, da furfurarsa da komai, ya ce mata, "Sannu, Yaya." Wani tsoho da ke gefe shi ma ya ce sannu Yaya. Na ƙunshe dariya, na ce a raina mutanen bakin ruwa sai su, tsofaffi suna kiran jikarsu Yaya. Da ta fita aka ce mini ai 'yar Kawu ce, ita kaɗai Allah ya bar masa, uwarta ta daɗe da rasuwa. Abin ya ba ni mamaki. Taubashiyata ce ke nan, kuma ko'ina a ƙasar Hausa taubashiya ba ta ganin taubashinta da hula har kunne ta ƙyale shi. Wannan kuwa ko ido ba ta ɗaga ba. Tuwon gero ne da miyar busasshen kifi na bara, ga tafki cike da ɗanye a bayan gida ba mai taɓawa. A Mawashi da an yi irin wannan doka, da an wayi gari Sarkin Ruwa shi kaɗai ne bai ci ba.

Ba zan ce zuciyata ba ta raya mini komai ba. Ni ma Bahaushe ne, na san in aka yi ta kewaye da magana akwai abin da ake kewayewa. Amma da safe mai unguwa ya zagaya da ni bakin tafki, inda ruwa ya janye aka bi shi da shuka: albasa, taba, alkama, dankali, kore shar a tsakiyar rani. Muka zo wani lambun albasa da ya fi na kowa kyau, ƙasarsa jiƙe da ban ruwan safiya, babu ciyawa ko ɗaya. Na ce na wane ne, ya ce na Tanko ne. Nan hankalina ya kwanta, don na san matacce ba ya ban ruwa. Wani mutum yana kan jigo yana ɗebo ruwa yana zubawa a magudana, na gaishe shi, ya ce yau shi ke da ban ruwan. Na ɗauka ɗan ƙodago ne. Na ce ashe Kawu ya yi arzikin da wasu ke yi masa aiki.

To daga nan sai shaiɗan ya ba ni wani lissafin. Mutum yana da rai, yana da lambu, 'yarsa tana kawo mini tuwo fuska a ɗaure, an hana ni ƙofar gidansa, an haɗa ni da tsoho mai labarin bijimi. Ai magana ta fito: Kawu ya ji ɗan Inna ya zo, ya ce ba ya son gani. Na tuna yadda Inna take laluben zare da yatsa tana kai shi kusa da ido, raina ya ɓaci.

Don in huce, da na ga masunta suna kifa ciki a kan gora, wato ƙatuwar ƙwaryar da suke yawo da ita a kan ruwa, na ce ni ma a ba ni in gwada. Suka ce sai an koya, na ce wanda ya iya taka takalar saƙa da ƙafa biyu me zai gagare shi. Ina hawa gora ta juye, na tafi ƙasa da ka, na sha ruwa na ƙoshi, ina kururuwar a cece ni. Da aka ɗago ni na miƙe tsaye sai ga ruwan iyakarsa cibiyata. Hular masaƙin Katsina ta tafi abinta. Wannan shi ne kadan da kuke ji a kasuwar Kusada.

Da azahar haƙurina ya ƙare. Na ɗaure ƙunshina na tsaya a gaban mai unguwa, na ce masa na gode da tuwo, na gode da labarin awaki, amma ni ba yaro ba ne. In Kawu ba ya son ganina a faɗa mini in kama hanya. Na ce tsohuwa ta zubar da girmanta ta aiko neman gafara, shi kuma ya ɓuya a ɗaki kamar amarya, ashe zuciyarsa ta fi dutse tauri. Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan rubuta ba. Mai unguwa ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi, ya ce in bari a dama fura tukuna. Na ji motsi a bayan zana, na waiga, na ga gefen zanen Yaya tana komawa cikin gida. Har yau in na tuna ta ji ni, sai in ji kunya ta rufe ni.

Ban kai ga tafiya ba kwalekwalen kasuwa ya iso. Nomau dogo ne, baƙi, mai magana ƙasa-ƙasa. Mai unguwa ya tare shi a mashaya suka yi 'yar magana, sannan ya zo ya kama hannuna kamar ya san ni, ya ce mu taka. Muka tafi lambun albasar nan, muka zauna a gindin jigo. Ya tambaye ni jikin Inna, ya tambaye ni ko tsamiyar ƙofar gidanmu tana nan, ya ce Tanko ya sha ba shi labarinta. Sannan ya juyo ya dube ni.

"Isuhu, sai haƙuri. Tanko ya riga mu gidan gaskiya. Wata biyu ke nan, cikin tsananin sanyi. Ciwon haƙarƙari na, kwana biyu ya yi."

Na yi salati. Na lissafa a raina, na ga a kwanakin da Inna ta ɗauko mazari ke nan. Na nuna albasar da hannu, don bakina ya kasa tambaya. Nomau ya ce haka suke yi a nan. In mutum ya mutu ya bar shuka a ƙasa, ba a barin ta ta bi shi. Kowane gida yana ɗaukar rana guda a kan jigo har a cire amfanin a miƙa wa magada, kuma har ranar lambun sunan mai shi yake amsawa. Mu mutanen tudu ina za mu san wannan? Noman damina kaɗai muka sani, wanda ya mutu da rani a wurinmu ba abin da ya bari a gona sai kara. Ya ce kuma ba sa tarbar baƙo da mutuwa. Sai ya ci, ya sha, ya kwana, gajiya ta sake shi, sannan a faɗa masa, kuma daga bakin amini. Ya ce shi da kansa ya yi niyyar zuwa Mawashi in an cire albasa.

Na ce masa to saƙon Inna fa. Na tambaye shi ko Kawu ya bar wata magana a kanta, ko da kalma ɗaya ce da zan kai mata. Nomau ya girgiza kai. Ya ce ba zai yi wa mamaci ƙarya ba, ciwon bai ba shi sararin magana ba, kuma tsawon zamansu bai taɓa jin ya ce ya yafe ko bai yafe ba. Nan ne na yi kuka, ba a kan mutuwar ba, don Kawu da ƙyar nake tuna fuskarsa. Na yi kuka ne don na ga kaina ina shiga gida da hannu biyu babu komai.

Ya bar ni sai da na share ido, sannan ya ce, "Ka tambayi ɗiyarshi sunanta na yanka?"

Na ce ban tambaya ba. Ya faɗa mini. Ba zan rubuta sunan ba, don ban taɓa faɗinsa da bakina ba: sunan Inna ne. Ya ce an haife ta shekara biyu bayan Tanko ya komo daga Mawashi da jaki ba kaya. Ranar suna ya raɗa wa liman, kuma tun daga ranar bai iya kiran sunan ba, sai Yaya, har unguwa duka ta ɗauka.

"Shekara ashirin, kullum da sahe in ya hito ɗaki, ita yake hwara gaidawa. 'Yaya, ina kwana.' Tun tana cikin tsumma. Ni dai abin da na sani ke nan, kai ka san yadda za ka kai shi."

Muka je kabarin muka yi addu'a. Daga nan na shiga gidan Kawu, na durƙusa a gaban Yaya, ni da na girme ta da shekara goma sha, na nemi gafarar abin da ta ji na faɗa. Na miƙa mata gwadon, da ƙasar Goggo Delu a gefensa da zufata a jikinsa. Ta kifa fuskarta a ciki ta daɗe. Da ta ɗago, ido jawur, sai ta ce mini an ce na nutse a ruwan da akuya ke tsallakawa, kuma in mutanen Mawashi duk haka suke saƙa gara su koma noma. Sai a lokacin na san na samu taubashiya.

Na ƙara kwana uku. Na karɓi ranar ban ruwa guda, jigo ya kumbura mini kafaɗa. Mai unguwa Barmo ya ce mini bai taɓa shan wuya irin ta ranar nan ba, labari ya ƙare masa tun hantsi, sau uku yana maimaita na bijimi yana canza masa launi, ni kuwa ban lura ba. Na rasa bakin gode masa. Mutumin nan ya zauna na zage shi a zaurensa, ya haɗiye, don kawai in ci tuwo biyu cikin kwanciyar rai. Ranar da zan taho saiwar gawo ta fito, Sarkin Ruwa ya sa aka yi shelar za a yi kamun kifi washegari. Suka ce in tsaya in gani, na ce akwai mai jirana. Saboda haka masu tambayata girman kifin can, ban ga ko ɗaya ɗanye ba.

Na iso Mawashi da hantsi, da damin busasshen kifi da albasa 'yan fari da Yaya ta tumɓuko, da alkawarinta na zuwa in an cire sauran. Na tarar da Inna a ƙofar ɗakinta, mazari a gefe ba zare. Ta saurari takuna, ta ji na mutum ɗaya ne. Na gaishe ta, na sha ruwa, na rasa ta inda zan fara. Sai na ji bakina yana ba ta labarin bijimin Ɗanladi. Na ba ta na awaki da taba, da tagwayen liman, da agwagin da suka tashi da wuri, da kwalekwale mai yoyo. Tana ji, ba ta katse ni ba. Na ce Kawu yana da lambun albasa da ya fi na kowa kyau a bakin tafkin.

Ta ce, "Wa ke yi mashi ban ruwa?"

Na ce maƙwabta ne, gida-gida.

Inna ta yi salati a hankali, ta ja mayafinta ta rufe kai. Ita ba ta taɓa zuwa bakin tafki ba, amma ba ta buƙaci Nomau ya faɗa mata ba, ta gane. Can ta ce ke nan saƙon bai isa ba. Na ce bai isa ba, amma akwai wanda na tarar a can yana jira. Na gaya mata yarinyar da tsofaffi ke kira Yaya, da sunanta na yanka, da shekarar da aka haife ta, da abin da Kawu yake faɗa kullum in ya fito ɗaki.

Ta tambaye ni ko shi da bakinsa yake faɗa. Na ce haka amininsa ya ce, shekara ashirin. Hawaye ya bi kuncinta. Sannan ta ce in nuna mata ina ne arewa, don idonta ba ya rarrabewa. Na juya ta. Ta gyara zama kamar mai karɓar baƙo.

"Lahiya lau, Tanko," in ji ta. "Ina gajiya?"